Baƙar Azurfar Teku

Ranar da muka fara ganin teku, yayana Arzika ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce mini, "Noma, wanga ruwa duka, kuma ba a shan shi?" Na ce haka dai na ji ana faɗa. Bai yarda ba sai da ya kamfata da hannu ya kai baki. Ya tofar, ya goge baki da hannun riga, ya ce lallai mun zo ƙasar da ko ruwa ma yaudara yake yi.

Mu 'yan Dumega ne, cikin Arewa, maƙeran fari tun kaka da kakanni. Azurfa ce aikinmu: mata su kawo tsofaffin dala, mu narka mu fitar musu da mundaye da zobba da 'yan kunne. Amma bayan shekarar da fara ta cinye hatsi, matan da ke kawo mana aiki su ne suka koma sayar da mundayensu don su sami abin dama kunu. Baba ya rasu, ga gardawan kumandan, Baturen mulki, suna zagaye suna neman lanho, wato haraji, da samarin aikin dole. Shi ya sa muka zuba kayan ƙirar Baba a burgami muka nufi Kurmi, inda aka ce mata na sa azurfa har a ƙafa. Muka bar Inna ita kaɗai da 'yan awakinta.

Daga Gaya muka ƙetare kogin Kwara, muka bi ayarin fatake a ƙasa har Kotonu. Arzika ne ya ɗauki burgamin tun daga gida. Ko zagayawa zai yi, da shi yake tafiya. Ina tsokanarsa ina cewa ya yi aure bai gayyace ni ba.

A Kotonu muka gamu da wani mutum mai farar riga. Muna zaune bakin kasuwa muna rarraba ido, sai muka ji an ce, "Kai, 'yan Arewa, yaushe kunka taho?" Wanda bai taɓa daɗewa cikin mutanen da ba ya jin bakinsu ba, ba zai gane abin da wannan magana ta yi mana ba. Ni har hawaye suka cika mini ido. Ya ce shi mutumin Tibiri ne, ya ambaci garuruwanmu ɗaya bayan ɗaya, ya san ranar da kowace kasuwa ke ci. Ya saya mana ƙosai. Sannan ya ce a nan ba a buɗe maƙera sai an kai kayan aiki gidan gwamnati an duba su, amma kada mu damu, shi ya san mai dubawar. Ya kai mu ƙofar wani dogon gini, ya ce baƙi ba su shiga. Arzika da hannunsa ya miƙa masa burgamin da ko ni bai taɓa yarda na riƙe ba.

Muka zauna har inuwa ta juya. Da yamma wani mai shara ya nuna mana da hannu cewa ginin yana da wata ƙofa ta baya.

Masabar Baba, da awartakinsa, da 'yar uwar maƙerar da kakanmu ya bari, duk sun tafi. Abin da ya tsira magagari ne guda, shi ma don Arzika ya soke shi a ƙugu bayan ya gyara wa wani bafatake zobe da safe. Na ce mu koma gida. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In koma in ce ma Inna mi? In ce na ba wani kayan Baba don ya saya muna ƙosai?"

Daga wannan rana Arzika bai ƙara yarda da kowa ba. Ko sallama aka yi mana da Hausa, sai ya ja ni gefe.

Muka gangara Lome muka shiga dako a bakin jirgi. Buhunan siminti muke saukewa, mu loda na busasshiyar kwakwa. Ƙasa ce da ake damina sau biyu a shekara amma ko zangarniyar gero ba ka gani. Rogo da safe, rogo da rana. Na yi mafarkin fura har na gaji. Tufafinmu ba su bushewa, ɗakin da muke kwana bangonsa kullum yana gumi. A nan tari ya kama Arzika. Da farko muna cewa ƙurar siminti ce. Sai wata rana ya sauke buhu ya tofa yawu, ya yi sauri ya rufe da ƙafa, amma na riga na ga jan. Shugaban 'yan dako ma ya gani, kuma washegari bai kira sunansa ba.

Muka bi bakin ruwa muka shiga ƙasar Gwalkwas, muka yada zango a wani ƙauyen masunta inda 'yan arewa irinmu ke jan taru, wato babbar ragar kamun kifi. Masuntan su shiga da kwalekwale su zuba, mu kuma mu jeru a kan yashi muna jan igiya har tafin hannu ya fashe. Ladanmu kifi ne. Wata tsohuwa mai bandar kifi, ana ce mata Esi, ta ba mu wata rumfa a bayan murhunta. Ba ta jin Hausa, mu ba ma jin nata, amma in Arzika ya fara tari sai ta bar kifinta ta zo ta dafa masa baya, tana surutu kamar tana yi wa tarin faɗa. Ta dafa masa ganyaye iri-iri. Ba su yi komai ba, amma yana sha don kada ranta ya ɓaci.

Ba a daɗe ba ya kasa riƙe igiya. Sai ya zauna a inuwar kwakwa yana kallon arewa, duk da ba abin da ake gani a can sai daji. Wata rana na dawo da kifi ya ce in zauna.

"Noma, ciwon ga ba na nan ba ne. Doguwa, iskar gidanmu, ba ta ƙetare ruwa, shi ya sa ba ta gani na. Ka kai ni ga Inna. In ta yanka mata baƙar akuya, in tashi. In kuma ban tashi ba, a sa ni kusa da Baba."

Na ce to. Amma mutumin da ba ya iya kaiwa bakin rijiya bai huta ba, ta yaya zai taka daga teku har Arewa? Sai dai mota da jirgin ƙasa, su kuwa ba a biyansu da kifi. Tun daga ranar ba ni da wani tunani sai yadda zan kai yayana gida da ransa.

Ana nan sai iskar damina ta taso, teku ya haukace kwana da kwanaki, ya ci gaɓa, ya tumɓuke itatuwan kwakwa. Da ya lafa na fita da sassafe neman itacen da ruwa ya kawo, don murhun Esi. A gindin wata kwakwa da ta faɗi na yi tuntuɓe da wani baƙin abu, girmansa kamar babban curin fura, duk ɓawon katantanwa ya manne masa. Na ɗaga na ji ya fi dutse nauyi. Na naɗe shi a riga na kai wa Arzika.

Ya auna shi a hannu, ya zaro magagarinsa ya ja sau ɗaya a gefe. Wani farin layi ya fito. Ya shinshina, ya ɗana a harshe.

"Azurhwa ce, Noma. Kuɗɗi ne sunka manne da juna."

Dama mun sha ji a wurin 'yan jan taru cewa akwai wani jirgin Turawa da ya nutse bayan duwatsu tun zamanin da ake sayen bayi, kuma lokaci-lokaci ruwa na tofo kuɗinsa. An ce wani Baturen kanti a babban gari yana sayensu da tsadar da hankali ba ya ɗauka. Iyakar abin da muka sani ke nan. Da mun tambayi ko da mutum guda, da an gaya mana sauran. Na ce bari in nuna wa wani dattijo cikin 'yan jan taru, Arzika ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka manta mai hwarar riga?" Na fasa.

Na ce to mu kai wa Baturen gobe. Ya dube ni, ya dubi dunƙulen.

"Haka? Ni ɗan Baba in kai ma Bature azurhwa da wagga dauɗa? Shi ce maƙeran Arewa ba su san aiki ba? Samo mini lemun tsami da toka."

Na je wurin Esi na kwatanta mata lemu da hannu. Ta zaci magani za mu haɗa, ta ciko kwando ta kawo, ta ƙi karɓar komai.

Zan faɗi gaskiya, kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk zamanmu na Kurmi. Arzika ya farfaɗo. Ya jiƙa dunƙulen a ruwan tsami, ya gasa shi a bakin murhu, ya riƙa ɓamɓare kuɗin ɗaya bayan ɗaya da bakin magagari. Ni aikina dirza da toka da yashi mai laushi. Da baƙin ya fara fita, sai ga kan wani mutum mai dogon gashi, da rubutu kewaye da shi, amma gishiri ya cinye su, duk sun yi ramuka kamar fuskar da agana ta ɓata. Arzika ya ce ba ya barin wannan tabo a aikinsa. Ya bi kowanne da magagari, a hankali, yana tari yana hutawa, har sai ya yi sumul. Yana yi yana 'yar waƙar da Baba ke yi in yana zuga wuta. In ya gama guda sai ya ɗaga shi a rana ya ce in duba fuskata a ciki. Na ga yayana yana dariya, abin da ban gani ba tun Kotonu.

Wani masunci ya rage mana hanya a kwalekwale har babban gari. Muka sami gidan Baturen a bayan kantinsa. Kukunsa Bazabarme ne daga wajen Doso, yana jin Hausa, shi ya shigar da mu baranda. Baturen ya fito da wani faffaɗan akwati ya buɗe a kan tebur, wai don mu ga irin abin da yake saye. A ciki an shimfiɗa jan ƙyalle, kuma kowane kuɗi yana kwance a gurbinsa. Dukkansu baƙaƙe ne. Wasu har da ɓawon katantanwa a jikinsu. Na dubi tsumman da ke hannun Arzika.

Arzika bai lura ba, ko kuwa ya lura ya ɗauka ƙazantar Bature ce. Ya kwance tsummansa da alfahari ya zube namu. Suka haska barandar.

Baturen ya ɗauki guda, ya sa wani gilashi a ido, ya juya gaba ya juya baya. Ya ɗauki wani. Fuskarsa ta yi ja. Bai yi mana tsawa ba, da ma tsawar ya yi. Ya zauna a kujera ya dafe kai yana magana ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

Kukun ya ce, "Ya ce wa ya yi wannan?"

Arzika ya ce, "Ni. Ka gaya mai babu gami ciki, azurhwa ce tsantsa."

Kukun ya faɗa masa, ya saurari amsa, sannan ya juyo yana kallon ƙasa. "Ya ce shi ba azurfa yake nema ba, azurfa tana ko'ina. Kan sarkin yake so, da rubutun, don su ke nuna ƙasar da aka buga kuɗin da zamaninsa. Ya ce da kun kawo dunƙulen yadda ruwa ya tofo shi, da ya ba ku abin da zai kai ku garinku cikin mota har da guzuri. Yanzu ya ce waɗannan ba kuɗi ba ne kuma, ƙarfe ne."

Baturen ya sake magana, kukun ya ce, "Yana tambaya, ko guda ɗaya bai rage ba wanda ba ku taɓa ba? Ya ce ko ɗaya ne zai saya da daraja."

Tari ya sarƙe Arzika, ya daɗe yana yi. Da ya lafa ya ce, "Babu."

Bazabarmen nan, Allah ya saka masa. Ya biyo mu waje da burodi a hannu, ya kai mu wurin wani maƙerin zinariya a zango, ya tsaya a kansa har ya auna azurfar da gaskiya ya biya mu kuɗin nauyinta. Maƙerin ya yaba gugar, ya ce hannun da ya yi ta ya san aiki. Arzika bai ko ɗaga kai ba.

Abin da muka samu ya hau da mu mota zuwa Kotonu, ya sa mu a jirgin ƙasa har inda dogo ya ƙare. A nan kuɗin ma suka ƙare. Akwai kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa bakin Kwara, na roƙi direban har na durƙusa, na ce zan yi masa lodi da sauke kaya kyauta. Ya dubi Arzika ya ce shi ba ya ɗaukar gawa bashi. Motar ta tashi muna kallo.

Wasu fatake masu komawa da goro suka tausaya mana suka ɗora shi a jaki. Ina gefe ina tallafe da shi. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko an fara ganin gawo, don in ka ga gawo ka kusa gida. Ina ce masa saura kaɗan. Da ya kai ba ya iya zama a kan jakin, madugun ya kira ni gefe ya ba ni haƙuri, ya ce goro ba ya jira. Suka sauke mu a wata rugar Fulani, suka bar mana ɗan gari. Daga rugar zuwa kogi, a mota, wuni ɗaya ne.

Matar mai rugar ta dama masa fura da nono, furar gero ta gaske. Ya kurɓa sau biyu ya ce ya ji ƙanshin gida. Da hantsi, ina zaune ina kore masa ƙuda, ya ce in kwance masa mazagin wando. Na zaci ya matse shi ne. Sai na ji wani abu mai tauri a ƙulle cikin tsumma. Na kwance.

Kuɗin teku ne, baƙi ƙirin, ya fi duk sauran faɗi. Ko ta cikin baƙin ana ganin kan sarkin, da hancinsa, da rubutun kewaye, ba abin da ya taɓa shi.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Arzika! Kana da wanga sadda Bature yat tambaye mu?" Ranar ce na fara kiran sunansa gatsal ba Yaya, kuma na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Shi ya hwara ɓamɓaruwa, kana wurin taru. Na aje ma Inna. Na so in goge shi gida, ga mazaunin Baba."

"Da ka ba Bature, da yanzu muna gida!"

"Na sani."

"To don mi?"

"Na ɓadda kayan Baba, Noma. In tai Kurmi shekara da shekaru, in komo in shiga ga Inna hannu sake, ba ko tsaraba? Da wane ido?"

Na ce Inna shi take so, ba tsaraba ba. Ya rufe ido, ya ce, "Na aza ƙahwahuna na kai ni."

Kafin azahar ya cika. Fulanin suka taya ni wanka da haƙa, muka sa shi a gindin wata ƙirya, muka jera duwatsu saboda kura. Na sa magagarin a gefensa. Har yau in na tuna, fushin da baƙin cikin tare suke zuwa mini, ban taɓa iya raba su ba.

Na ƙetare Kwara ni kaɗai, na biyo fadama na yi arewa. Na shiga Dumega ana sussukar gero. Inna tana bakin rumbu, ta ɗago ta gan ni, ta leƙa bayana, ta sake leƙawa. Ba ta tambaye ni ba. Ta ajiye ƙwaryar hannunta a hankali ta zauna a ƙasa.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa na kawo mata tsumman. Ban gaya mata labarin Bature ba, ban kuma gaya wa kowa ba sai bayan ranta. Na ce, "Inna, ga tsarabar Yaya. Ya ce in ba ki hannu da hannu."

Ta kwance, ta auna shi a tafin hannu kamar yadda matar maƙeri ke yi, ta kankara da farce. Ta daɗe tana dubansa.

"Arzika da kainai ya ba ka azurhwa da dauɗa haka?"

Na ce, "Bai samu ya gama ba."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin fuskarta. "Lalle ciwon ya ci ƙarhinai. Ɗana bai taɓa barin aiki baƙi ba. Tashi ka jiƙo mini tsamiya, ka ɗebo toka."

Na tsaya ina kallon kan sarkin nan da ya isa ya kawo mata ɗanta da rai. Ta ɗago ta ce, "Ba ka jiya ba?"

Na je na jiƙo tsamiyar, na ɗebo tokar, na zauna kusa da ita na riƙe mata ƙwaryar har ta gama.